Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gansakuka a Akwatin Kifi

Gabatarwa

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda a yanzu yake koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare, ya iske ni a ofis riƙe da wata 'yar kwalba, fuskarsa babu walwala. Bayan mun gaisa sai ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya ce, "Malam, ka ga abin da ya kashe mana kifaye."

Shi da ɗalibansa na ƙungiyar kimiyya ne suka yi karo-karo, suka sa aka haɗa musu akwatin gilashi mai cin ruwa lita 80. Suka shimfiɗa tsakuwa, suka saki ƙananan kifayen ado guda 12, suka girke akwatin a bakin taga domin kowa ya riƙa gani. Ba a rufa wata guda ba sai ruwan ya rikiɗe ya zama kore kamar miyar kuka, har ba a iya hango kifi sai ya zo daf da gilashi. Malamin ya garzaya wurin mai sayar da kifin, aka ba shi wannan kwalba, aka ce masa maganin gansakuka ne, sha yanzu magani yanzu. Ya zuba, har da ɗan ƙari domin ta mutu da wuri. Kashegari ruwa ya soma washewa, yara suka yi ta murna. A dare na biyu aka ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya, gari na wayewa aka tarar da kifaye tara sun taso saman ruwa, ciki a sama.

Na yi masa tambayoyi uku. A ina tagar take fuskanta? Ya ce yamma, rana na dukan akwatin tun daga azahar har la'asar sakaliya. Wa ke ba kifayen abinci? Ya ce duk ɗalibin da ya wuce yakan barbaɗa musu kaɗan. Yaushe rabon da a canja ruwan? Ya ce ba su taɓa canjawa ba, in ya ragu ne suke cikowa. Na ce masa, "To, kwalbar nan ƙarasa aiki kawai ta yi. An soma kashe kifayen nan tun ranar da aka ajiye akwatin."

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, gansakuka 'yar aike ce da take zuwa ta sanar da mai akwati cewa haske da abinci sun wuce abin da ruwansa zai iya ɗauka. Wanda ya kashe 'yar aike da guba bai karanta saƙon ba, kuma wata za ta sake zuwa. Saboda haka nake kira ga ɗalibai da malamai da su ajiye kwalbar magani, su koyi karanta ruwan. Hausawa sun riga sun faɗa, ruwa ba ya tsami banza.

Mece ce gansakuka?

Kalmar gansakuka a Hausa ta haɗe halittu masu yawa waɗanda masana suka rarrabe, wasunsu ma ba su da dangantaka ta kusa da juna. Abin da ya tara su wuri guda shi ne, dukkansu suna da sinadarin nan kore da ake kira kulorofil, suna haɗa abincinsu da hasken rana da ruwa da iskar kabon dayoksaid, kamar yadda gero da dawa suke yi, amma ba su da saiwa ko kara ko ganye na ainihi. A akwatin kifi na ruwan daɗi, iri biyar ne aka fi cin karo da su, kuma kowane iri da labarin da yake bayarwa.

Na farko shi ne koren ruwa, irin wanda ya sami ɗalibina. Halittu ne masu ƙwaya ɗaya, irin su Chlorella, da suke shawagi a cikin ruwa. Yawancin lokaci hasken rana kai tsaye ne da yawan ƙazantar kifi suke kawo su. Ku lura da saurin yaɗuwarsu: idan ƙwaya ɗaya tana rabuwa biyu sau ɗaya a rana, to a kwana 20 ta zama sama da miliyan ɗaya, a kwana 30 kuwa ta haura biliyan ɗaya. Abin da ya sa mai akwati yakan ce ruwansa ya lalace dare ɗaya ke nan, alhali abin ya daɗe yana tafe, ido ne bai gani ba.

Na biyu, ƙura mai ruwan ƙasa da ke kwanciya a kan gilashi da tsakuwa, musamman a sabon akwati. Waɗannan su ne dayatom, masu ɓawo na silika, watau sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Da yatsa ma ana goge su, kuma sau da yawa sukan ragu da kansu idan akwatin ya kwana biyu. Na uku, mai zare-zare kamar gashi, irin su Spirogyra da muke nuna wa ɗalibai a madubin ƙara girman ƙananan halittu. Na huɗu, wani baƙin geza mai kama da gemu da ke maƙalewa a gefen ganye da duwatsu. Duk da baƙinsa, a cikin dangin jar gansakuka yake, kuma yana da taurin kai ƙwarai.

Na biyar shi ne wani mayafi mai santsi, kore mai sirkin shuɗi, mai warin taɓo, wanda yake saɓulewa falle-falle in an taɓa. Wannan a haƙiƙa bakteriya ne, su ake kira sayanobakteriya. Kada a raina su. Kakanninsu ne suka soma cika sararin duniya da iskar oksijin kimanin shekara biliyan biyu da miliyan 400 da suka wuce. Wani iri daga cikinsu, Arthrospira, shi ne matan Kanembu a ƙasar Chadi suke ɗiba daga tafkunan kanwa, su shanya a kan rairayi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. Wasu ire-iren kuma suna fitar da guba mai lahanta hanta. Don haka duk wanda ya sa hannu a akwati mai irin wannan mayafi, ya wanke hannunsa da kyau in ya gama.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, babu akwatin kifin da babu irin gansakuka a cikinsa. Ƙwayoyinta suna shigowa a jikin tsire-tsire, da cikin ruwan da aka kawo kifi, har da ƙurar da iska ke ɗaukowa. Ba za a iya hana ta shiga ba. Abin da ke hannun mai akwati shi ne ko ya shimfiɗa mata tabarma ko ya hana ta wurin zama.

Daga ina abincinta yake zuwa?

Akwatin kifi rufaffen gida ne. A kogi, ruwa na wucewa da ƙazanta, sabo na zuwa. A akwati kuwa, duk abin da ka zuba yana nan har sai ka fitar da shi da hannunka. Abincin kifi yana ɗauke da naitirojin da fosfaras, sinadarai biyu daga cikin ukun nan da manomi ya sani a jikin buhun takin zamani na NPK. Kifi ya ci, ya fitar da amoniya da kashi. Wanda bai ci ba ya nutse cikin tsakuwa ya ruɓe, shi ma ya koma amoniya da fosfet. Wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin soson matata da jikin tsakuwa su ne suke mayar da amoniya, wadda guba ce ga kifi, zuwa naitirayit, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Waɗannan bakteriya sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. Wanda ya cika sabon akwati da kifi tun ranar farko, ya tara amoniya ke nan babu mai sarrafa ta, ita kuwa gansakuka ba ta da abincin da take so kamar amoniya.

Naitiret da fosfet kuma ba sa tashi sama tare da tururi. Idan ruwa ya ragu saboda zafi ko iskar hunturu, ruwan zalla ne ya tafi ya bar su a baya, kamar yadda miya take ƙara gishiri in ta daɗe a kan wuta. Wannan ne kuskuren ɗalibina na uku. Ciko ba canjin ruwa ba ne. Mai ciko kullum yana mayar da akwatinsa gonar da ake zuba wa taki ba a girbi.

A nan ya kamata mu tuna da wata doka da masana aikin gona suka gano. Bajamushe Carl Sprengel ne ya fara bayyana ta a 1828, Justus von Liebig kuma ya yayata ta daga 1840, har aka fi saninta da sunansa. Dokar ta ce, girman tsiro yana tsayawa ne a kan abin da ya fi ƙaranci daga cikin buƙatunsa. Mai tuyar ƙosai tana buƙatar wake da mai da itace. Ko da ta jiƙa wake buhu guda, in mai ya ƙare tuya ta tsaya. Haka gansakuka take da haske da naitirojin da fosfaras. A yawancin ruwan daɗi, fosfaras ne man tuyar, kuma ɗan kaɗan ya ishe ta: a jikin gansakuka, kowane giram ɗaya na fosfaras yana tafe da kimanin giram 7 na naitirojin da giram 40 na kabon. Watau ɗan tsunkule na abincin da aka barbaɗa ba bisa ƙa'ida ba yana iya haifar da gansakuka mai ninkin nauyinsa sau da yawa.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga ƙasar Kanada. A 1973, David Schindler da abokan aikinsa suka sami wani ƙaramin tafki a arewa maso yammacin lardin Ontariyo, mai lamba 226, wanda yake da ƙugu a tsakiya kamar kalangu. Suka raba shi biyu da labulen roba. Kowane ɓangare suka zuba masa kabon da naitirojin, amma ɓangare ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Kafin lokacin zafi ya wuce, ɓangaren da ya sami fosfaras ya rufe da koren sayanobakteriya, ɗayan kuwa yana nan garau. Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya zagaya duniya, ya kuma taimaka wajen sa hukumomi su rage fosfet a cikin sabulun wanki da ruwan ƙazanta. Abin lura shi ne, babu wanda ya kalli hoton nan ya ce a nemo gubar da za a zuba wa tafkin. Kowa ya gane cewa a daina ciyar da gansakukar shi ne magani.

Abin da ya sa ban yarda da kwalbar magani ba

Dalilina na farko shi ne abin da ya faru da kifayen ɗalibina. Gansakuka mai rai tana fitar da oksijin da rana. Idan aka kashe ta gaba ɗaya lokaci guda, gawarta ba ta zuwa ko'ina, a cikin ruwan za ta ruɓe, bakteriyan da ke ruɓar da ita kuma oksijin suke shaƙa, su yi gasa da kifi. Mu kuma a nan ƙasashe masu zafi, dama ruwanmu bai riƙe oksijin da yawa ba. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi. Ga zafi, ga ruɓa, ga famfon iska ya tsaya. Ina kifi zai sa kansa? Garin gyaran gira aka rasa ido.

Na biyu, wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda yake kashe katantanwa da jatan lande, ya kuma raunana wasu tsire-tsire. Waɗannan kuwa su ne ma'aikatan da suke taya ka yaƙi da gansakukar. Ka kori masu gadi ke nan domin ka kama ɓarawo ɗaya.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci a gare ni a matsayina na malami, maganin bai taɓa sanadin ba. Taga tana nan, masu barbaɗa abinci suna nan, naitirojin da fosfaras da ke jikin gansakukar da ta mutu ma sun sake komawa cikin ruwa. Bayan mako biyu ko uku za ta dawo, a sake sayen kwalba. Ɗalibin da ya tashi yana ganin haka ya koyi mugun darasi, cewa kowace matsala ta muhalli akwai abin da ake saye a zuba mata. Wannan tunani shi ne yake sa manomi ya ninka maganin feshi maimakon ya tambayi dalilin da ya sa ƙwari suka yi masa yawa.

Abin da ya kamata a yi

A fara da haske, domin shi ne ya fi sauƙin gyara kuma ba ya cin ko kwabo. A ɗauke akwatin daga inda rana take dukansa kai tsaye. In da fitila, awa shida zuwa takwas a rana sun wadatar, a kuma tsayar da lokaci guda na kunnawa da kashewa. Fitilun LED na yanzu suna da haske mai ƙarfi ga rashin cin wuta, wannan ya sa mutane suke barin su a kunne har tsakar dare. Kifi ba ya buƙatar haka, shi ma yana son duhu ya huta. Idan koren ruwa ya riga ya kama, sai a canja wani sashe na ruwan, a lulluɓe akwatin da baƙin ƙyalle har kwana uku ko huɗu, famfon iska yana aiki, a rage ciyarwa. Kifi da manyan tsire-tsire suna jure wannan duhu, ƙananan ƙwayoyin gansakuka kuwa ba su da guzurin da zai kai su. In an buɗe, a sake canja ruwa domin a fitar da waɗanda suka mutu.

Sai abinci. Mutum ɗaya ne zai riƙa ciyarwa, sau ɗaya ko sau biyu a rana, gwargwadon abin da kifayen za su cinye cikin minti biyu. A makaranta, a rubuta jadawali a manna a jikin bango, a kulle gwangwanin abincin a cikin durowa. Kifi yakan taso bakin gilashi duk lokacin da ya ga mutum, yara kuma su ɗauka yunwa yake ji. Ƙoshin lafiyarsa ba ya raguwa don ya kwana ɗaya bai ci ba. A cikin shekarun da na yi ina kula da akwatunan kifi a ɗakin gwaje-gwaje, ban taɓa rasa kifi saboda yunwa ba, amma na rasa saboda ƙaunar masu ciyarwa. Har ila yau, kada a cunkusa kifi. Kifaye kaɗan masu walwala sun fi tarin kifaye masu haki a saman ruwa kyan gani.

Na uku, canjin ruwa. Kowane mako a fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana cusa bakin tiyon cikin tsakuwa domin ya zuƙo dattin da ya kwanta. Lissafin a bayyane yake: in naitiret ya kai miligiram 40 a lita, aka maye rubu'in ruwan da mai tsabta, ya sauko 30. Kafin a zuƙe ruwan, a kankare gilashi da reza ko sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba, mai zare kuma a naɗe ta a jikin tsohon buroshin haƙori kamar ana kaɗi. Kada a taɓa juye ruwan gaba ɗaya a wanke akwatin da omo, kuma kada a wanke soson matata da ruwan famfo. A matse shi a cikin ruwan da aka fitar daga akwatin, domin bakteriyan nan masu amfani su rayu. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. In kuwa kuloramin ake sa wa ruwan garin, kwana ba ya fitar da shi, sai an yi amfani da sinadarin da ake sayarwa domin haka. Masu amfani da rijiya su lura cewa rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki tana iya zuwa da naitiret ɗinta. Idan kana canja ruwa a kai a kai amma gansakuka ta ƙi ja da baya, to ka sa a auna ruwan rijiyar. Wannan ya wuce maganar kifi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a kan miligiram 50 a lita, musamman saboda jarirai.

Na huɗu, a samar wa gansakuka kishiya. Tsire-tsire masu saurin girma suna cin abincin da take ci, suna kuma tare mata haske. A nan ba sai mun nemi na ƙasashen waje ba, ga kainuwa dashen Allah. Tana shawagi a saman ruwa, tana samun kabon dayoksaid daga iska kai tsaye, saiwoyinta kuma suna zuƙe amoniya da naitiret. Duk lokacin da ka tsame wadda ta yi yawa, ka fitar da taki ke nan daga akwatin. Kada dai a bari ta rufe saman ruwan duka, kuma wadda aka tsame a shanya ta ta bushe, kada a watsa ta a kwata ko rafi.

Batun masu cin gansakuka

Tun farkon tarihin akwatin kifi ake neman taimakon dabbobi a wannan aiki. A 1850, wani masanin sinadarai na Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajin da ya yi da ƙananan kifayen zinari guda biyu da tsiron ruwa mai suna Vallisneria a cikin tulun gilashi. Da farko komai lafiya, sai tsofaffin ganye suka soma ruɓewa, ruwa ya gurɓace, koren yauƙi ya rufe gilashin. Da ya saka 'yan katantanwa kaɗan sai suka cinye ruɓaɓɓen ganyen da yauƙin, ruwa ya washe. A yau masu kiwon kifin ado suna amfani da ƙaramin kifin Otocinclus na Kudancin Amurka, da wani ɗan jatan lande da Bajapanen nan Takashi Amano ya yi fice da shi, har aka sa masa sunansa.

Ban ƙi wannan ba, amma ina da gargaɗi biyu. Na farko, dabbar da ta ci gansakuka kashi za ta yi, naitirojin da fosfaras ba su bar akwatin ba. Masu shara ne, ba sa maye gurbin canjin ruwa. Wani kifin ma mai tsotson gilashi, da ake sayarwa yana ɗan ƙarami da sunan fuleko, yakan girma ya wuce santimita 30, ya zama shi ne babban mai ɓata ruwan. Gargaɗi na biyu ya shafi lafiyarku, ɗalibai. Kada wanda ya je kududdufi ko madatsar ruwa ya tsinto katantanwa ya saka a akwati. Wasu katantanwar ruwanmu, irin su Bulinus da Biomphalaria, su ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya, kuma tsutsar tana huda fatar mutum ne a cikin ruwa. Ita ma kainuwar da aka ɗebo daga waje a ɗauke ta da safar hannu, a wanke ta, a ajiye ta a bokiti dabam na 'yan makonni ana duba ko akwai katantanwa ko ƙwanta, kafin a kai ta wurin kifi.

Hanzarin masu ja da ni

Wani zai ce, "Malam, ai akwai masu akwatin da suke zuba wa tsire-tsirensu taki da gangan, har da fosfet, kuma gilashinsu garau. Ina dokar Liebig ta shiga?" Gaskiya ne, na kuma gani da idona. Amma a duba irin akwatunan nan, za a tarar sun cika maƙil da tsire-tsire masu lafiya, an daidaita musu haske, sau da yawa ana ƙara musu kabon dayoksaid, ana kuma canja ruwa mai yawa kowane mako. Wannan ya nuna cewa akwatin da ya cika da tsiro ya fi tafkin Schindler sarƙaƙiya, kuma abin da ake nema shi ne daidaito tsakanin haske da abinci da masu cin abincin. Akwatin ɗalibina kuwa babu tsiro ko ɗaya a cikinsa, sai furen roba. A irin wannan, duk abin da ya yi saura rabon gansakuka ne.

Wani kuma zai ce ashe babu ranar da magani yake da amfani? Akwai. Gwani wanda ya san irin gansakukar da yake fama da ita, ya san adadin ruwansa, ya gyara sanadin, yana iya ɗiga magani a kan wani dutse da baƙin geza ya kama. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi matakin farko, a hannun wanda bai yi wa kansa tambayoyin nan uku ba.

Akwai kuma masu son gilashi fes ta kowane gefe. Ina ba su shawara su sassauta. Ɗan kore a jikin dutse ko a gilashin baya alama ce ta ruwa mai rai, ƙananan kifaye suna kiwo a kansa, shi ma yana rage naitiret. A goge gilashin gaba domin kallo, a bar na baya.

Kira ga malamai 'yan'uwana

Idan akwatin makarantarku ya yi kore, kada ku ɓoye shi don kunya. Darasi ne ya zo har gida. A ɗibi ɗigo a sa a madubi, yara su zana abin da suka gani. Sannan a yi wannan gwaji, wanda ba ya buƙatar kifi ko kuɗi. A sami kwalabe huɗu masu haske, a zuba musu ruwa daidai wa daida daga akwatin. Ta farko a ajiye ta a taga haka nan. Ta biyu a jefa mata ƙwaya biyu ko uku na takin NPK, a ajiye a taga. Ta uku a sa mata takin, a kulle ta a cikin kabad mai duhu. Ta huɗu a sa takin da 'yar ƙaramar kainuwa, a ajiye a taga. Kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa tun ranar farko, a riƙa duba launin ruwan kullum har mako biyu. Kada malami ya faɗi amsa. In sakamakon ya saɓa wa hasashe, a tambayi dalili, domin nan ne kimiyya take farawa.

Daga nan sai a ɗaga idon yara zuwa waje. A watan Agusta na 2014, an hana mutane sama da 400,000 a birnin Toledo na jihar Ohayo ta Amurka da kewayensa shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar sayanobakteriya da ta yaɗu a tafkin Erie, wanda takin gonaki yake kwarara cikinsa. Kududdufan da ke cikin garuruwanmu, waɗanda kwatoci suke zuba wa ruwan wanki da na bayan gida, kore suke yi saboda wannan dalili ɗaya. Yaron da ya ga kwalba ta biyu ta rikiɗe a gabansa ba zai buƙaci dogon bayani ba. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Ɗalibina ya koma da kifayensa uku da suka tsira. Suka matsar da akwatin zuwa bangon da rana ba ta kaiwa, suka naɗa ɗaliba ɗaya mai ciyarwa, suka sa ranar Juma'a ta zama ranar canjin ruwa, suka saka kainuwa. Ya ce mako na farko bai ga wani canji ba, har ya yi tunanin sake ɗauko kwalbar. Sai a mako na uku ne tsakuwar ƙasa ta soma bayyana. Sannu ba ta hana zuwa. Kwalbar kuwa tana nan a kan kantar ofishina, ina nuna wa ɗaliban shekarar farko ita kafin mu shiga darasin zagayen naitirojin.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ranar da ka ga gilashinka ya soma kore, kafin ka nufi kasuwa ka tsaya ka tambayi kanka: awa nawa haske yake dukan ruwan nan, nawa ake zuba masa na abinci, kuma yaushe rabon da na fitar da wani abu daga cikinsa? A cikin amsoshin nan uku za ka sami maganin. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.